Yadda ake zaɓen albarushi idan ƙwayar harsashi mara nauyi ce a ƙaramin karabin

Wani ƙanena ne da ke karatu a Faransa ya shiga kulob na harbin nishaɗi, ya samu lasisi, ya sayi karabin, wato doguwar bindiga mai harba ƙwaya ɗaya, .222 Remington na hannu, to da ya zo hutu Yamai muna zaune tsakar gida bayan isha'i sai yake ce min yaya wai wane albarushi ne ya fi ƙarfi in saya in riƙa cika kartush ɗina da kaina. Wallahi kalmar nan "ya fi ƙarfi" ita ta tada min hankali, don duk wanda ya shiga wannan sana'a da neman wanda ya fi ƙarfi to ya kama hanyar rasa yatsa ko ido. Ni ma can na koya shekarun baya, wajen wasu dattawa da suka yi fiye da shekara talatin suna cikawa, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abin da na faɗa masa daren nan, daki-daki, ko wani ya ƙaru.

Kafin komai, takarda. Bindiga, kartush da albarushi duk abubuwa ne da hukuma ke sa wa ido, a nan Nijar ba a riƙe bindiga sai da izini, farauta ma tana da dokarta ta 1998 da permi ɗinta wajen ma'aikatan gandun daji, kuma kowa ya san halin tsaron da ake ciki, a 2017 ma an sa wasu yankunan Tawa da Tillaberi cikin dokar ta-ɓaci. Izinin riƙe bindiga ba shi ne izinin ajiye albarushi da kayan cikawa ba, sai ka je ka tambaya a rubuce a ba ka amsa a rubuce. In ba ka da wannan to karanta don ilimi kawai, kar ka taɓa. Wannan bayani na masu harbin allo ne da mafarauta masu takarda, a inda doka ta yarda.

Sai mu gyara kalmomi don kar mu ruɗe, mu a Hausa komai harsashi muke ce masa. Kartush shi ne abin gaba ɗaya, kashi huɗu gare shi: kwanso na tagulla, amos wato ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, albarushi a ciki, sai ƙwaya a baki wadda ita ce ke fita. Ana auna ƙwaya da albarushi da giren, giren ɗaya kusan giram 0.065 ne, giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Idan nace ƙwaya mara nauyi a kalibar .22, wato awon faɗin ramin bututu, ina nufin daga giren 35 zuwa 55, kaurinta inci .224 wato kusan milimita 5.7. Kuma a sani .22 LR da .17 HMR ba a sake cika su, wutarsu a gefen gindin kwanso take, ana harbawa kwanson ya gama aiki. Waɗanda muke magana a kai su ne masu amos a tsakiya, irin .22 Hornet, .222 Remington, .223 Remington, .22-250 da .204 Ruger.

Wani abu da dole in faɗa da babbar murya saboda mutanenmu: albarushin da ake cika waɗannan kartush ba shi ne baƙin albarushin mafarautan gargajiya da ake ɗurawa ta bakin bindiga ba. Wannan marar hayaƙi ne, wani Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗa irinsa a 1884, matsin da yake tayarwa ya ninka na baƙin sosai. Wanda ya fasa kartush ya zuba albarushinsa a bindigar ƙira ta maƙera, bututun ne zai tarwatse a fuskarsa. In kana da kawu ko maƙwabci mafarauci don Allah ka gaya masa.

To yanzu ga asalin maganar, in ka gane ta ka gane rabin aikin. Albarushin karabin ba fashewa yake ba, ci yake kamar wuta, yana ba da iska mai zafi da ke tura ƙwaya. Bambancin wannan da wancan shi ne saurin cin. Ka ɗauki kara da icen gawo a murhu, kara nan da nan ya kama ya cinye, gawo kuwa a hankali yake ci ya daɗe yana ba da zafi. Ƙwaya mai nauyi tana da nawa wajen tashi, tana tsayawa ta riƙe matsin a bayanta, don haka mai ci a hankali ne ya dace da ita. Ita kuwa mara nauyi ana taɓa ta ta zabura, fili na buɗewa a bayanta da sauri, idan albarushin mai nawa ne sai ƙwayar ta bar shi bai gama ci ba, matsin bai kai inda zai ƙone shi tas ba, sai ka ga wuta a bakin bindiga, ƙara mai yawa, baƙin toka a wuyan kwanso, gudu kuma yau sama gobe ƙasa. Shi ya sa mara nauyi take son albarushin da ya ɗan fi sauri. Amma "ɗan fi" nace, a cikin dangin albarushin karabin. Akwai na fistol da na bindigar tsuntsaye irin N310 ko Ba10 masu ci kamar walƙiya, in aka cika kwanson karabin da su yadda ake cika na karabin, bindiga ce za ta fashe, babu wani wataƙila a ciki.

Mataki na farko, san bindigarka. Karanta abin da aka buga a jikin bututu, harafi da harafi, .222 Remington daban, .222 Remington Magnum daban, .223 daban, ko da ido na ganin kamar ɗaya ne. Sannan ka auna murɗin cikin bututu, wato layukan nan da ke juya ƙwaya. Abu ne mai sauƙi: ka tabbatar babu kartush a ciki, ka sa tsumma mai ɗan matsewa a sandar goge bututu, ka yi alama da bik a jikin sandar, ka tura a hankali har alamar ta zagayo sau ɗaya, sai ka auna nisan da sandar ta shiga. Yawancin .222 zagaye ɗaya ne a inci 14, tsofaffin Hornet a inci 16, .223 kuwa akwai 12, akwai 9, 8 har 7. Me ya haɗa wannan da albarushi? Shi ke gaya maka ƙwayar da za ka iya amfani da ita, ita kuma ƙwayar ita ke zaɓen albarushi. Murɗin 14 yana riƙe giren 40 zuwa 55 lafiya, in ka sa doguwa mai nauyi sai ta riƙa faɗa wa allo a karkace. Ta ɗaya gefen kuma, ƙwaya mai siririyar riga, wato ƙarfen da ya lulluɓe dalmarta, a bututu mai saurin murɗi tana iya wargajewa a iska. Yi lissafin da kanka, ƙwaya mai gudun mita 1000 a daƙiƙa cikin murɗin 14 tana juyawa kusan sau 169,000 a minti, a murɗin 8 kuwa kusan 295,000. Ba kowace riga ke jure wannan ba. Kuma tsayin ƙwaya ne abin lura fiye da nauyinta, waɗanda ba su da dalma a ciki sun fi tsawo ko da nauyi ɗaya ne.

Na biyu, tsaida ƙwaya guda ɗaya tukuna, kamfani ɗaya, nauyi ɗaya, siffa ɗaya. Kar ka sayi albarushi sannan ka zo neman ƙwayar da za ta bi shi, wannan sa doki a bayan amalanke ne. Ga mai .222 da ke harbin allo a mita 100, giren 50 ko 52 ta ishe shi.

Na uku, dubi cikin kwanson. Nauyin ƙwaya kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da girman kwanso idan aka gwada shi da faɗin bututu. Ƙwaya ɗaya ce fa, giren 40 ko 45, amma a Hornet da ɗan ƙaramin cikinsa albarushi mai sauri sosai take so, irin Lil'Gun, H110, Accurate 1680 ko N110 na Vihtavuori. Ka ɗauke ta ka kai .222, wanda cikinsa ya kusa ninka na Hornet, sai a koma IMR 4198, H4198, Reloder 7, H322, N120, N130, N133, in a Faransa kake kuma za ka riƙa jin Tubal 2000 da SP10 na Vectan. A .223 da ƙwaya 40 zuwa 55 su H322, Benchmark, H335 da N133 ne ake yawan gani a teburan kamfanoni. Da ka kai .22-250 mai babban ciki da ƙaramin baki, ko da ƙwayar ba nauyi, sai an ja baya zuwa masu matsakaicin ci, Varget, H4895, IMR 4064, H380, N140. .204 Ruger da Hornady da Ruger suka fitar a 2004, mai ƙwaya giren 32 da 40, shi ma wajen su Benchmark, H322 da H4895 yake kiwo. Ka ga ke nan tambayar "wanne ya fi kyau ga ƙwaya mara nauyi" ba ta da amsa sai an ce a wane kwanso.

Ni dai .222 ɗin nan ina ƙaunarsa, kuma ba ni kaɗai ba. Mike Walker na kamfanin Remington ya zana shi, ya fito a 1950, ya yi shekaru yana mulkin gasar harbin kan tebur kafin wani kartush mai suna 6 PPC ya karɓe a shekarun 1970. Wuyan kwansonsa dogo ne, yana riƙe ƙwaya a miƙe, ba ya cin albarushi da yawa, ba ya cinye bututu da wuri kamar .22-250, kuma ba shi da tsirfa, kusan duk albarushin da ke layinsa yana ba da sakamako mai kyau. A Faransa ya samu karɓuwa ne saboda an daɗe ana takura wa farar hula kan kalibar soja. Mai koyo bai da abokin da ya fi shi.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyar aikin, buɗe teburin kamfani. Masu yin albarushi irin Hodgdon, Vihtavuori, Alliant da Nobel Sport, da masu yin ƙwaya irin Hornady, Sierra, Nosler da Speer, duk suna fitar da teburan da suka gwada a ɗakin gwaji da bututu mai auna matsi. Wasu kyauta suke a intanet a shafin kamfanin. Ka nemo kalibarka, ka nemo nauyin ƙwayarka, za ka ga jerin albarushi, kowanne da awon farawa, awon ƙarshe, gudun da aka samu, wani lokaci da matsin. Albarushin da ba ya cikin jerin nan ka manta da shi, ko da shi ne kawai a kanti, ko da abokinka ya rantse yana aiki. Ka kuma karanta ƙananan rubutun da ke sama: wane kwanso suka yi amfani da shi, wane amos, tsayin bututu nawa, tsayin kartush nawa. Ka haɗa tebur biyu ko uku ka gwada, in sun saɓa ka bi wanda ya fi ƙasa. Da gangan ban rubuta awon giren na kowane albarushi a nan ba, awo daga teburin kamfani ake ɗaukarsa kai tsaye da idonka, ba daga bakin wani ko hoton da aka tura maka a WhatsApp ba, lamba ɗaya ta juye an gama.

Akwai iyakar matsi da hukumomi biyu suke sawa, CIP a Turai da SAAMI a Amurka. A lissafin CIP Hornet bar 3000 ne, .222 bar 3700, .22-250 bar 4050, .223 bar 4300. Tayar mota bar biyu da ɗoriya ce, sai ka kwatanta abin da ke faruwa santimita kaɗan daga kuncinka.

A kula da tarkon suna. H4198 da IMR 4198 ba abu ɗaya ba ne, haka H4895 da IMR 4895, lambar ce ta yi kama amma kowanne da teburinsa. N130 da N133 da N135 lamba ɗaya ta raba su a rubuce, a cikin bututu kuwa tazara ce. Akwai kuma jadawalin saurin ci da ake jera albarushi daga mai sauri zuwa mai nawa, yana da amfani don ka gane unguwar da kake, amma kasancewar biyu suna maƙwabtaka a jadawalin ba ya nufin za ka ɗauki awon wannan ka zuba wancan.

To a cikin jerin nan mai albarushi goma ko sha biyar, ta yaya za ka tace? Ga yadda nake yi. Ina fara cire na can sama da na can ƙasa, wato mafi sauri da mafi nawa, in tsaya a tsakiya. Sannan in duba wanda ke cika kwanso sosai, kashi 90 cikin ɗari ko sama a awon da ake aiki da shi. Dalili biyu ne. In kwanso ya cika, albarushin ba ya kwanciya gefe guda ko ya taru gaba in ka sunkuyar da bindiga, amos na kunna shi iri ɗaya kowane harbi, gudu sai ya daidaita. Na biyun kuma kariya ce, in ka yi kuskuren zubawa sau biyu zai malalo ka gani da idonka. Ba na bin wanda ya fi ba da gudu a tebur, bambancin mita 15 ko 20 a daƙiƙa ba abin da zai ƙara maka a mita 100, allo ba ya tambayar gudu.

Sai siffar ƙwayoyin albarushin. Akwai mai kama da gutsattsarin tsinke, akwai mai kama da ƙananan ƙwallaye kamar gero da aka niƙa rabi, akwai mai faɗi kamar ɓawo wanda yawanci na fistol ne da bindigar tsuntsaye. Mai ƙwallaye irin H335 da H380 yana zuba sumul a injin awo kuma yana shiga ƙaramin bakin .22 ba gardama. Mai tsinke dogo irin IMR 4198 ko IMR 4064 yana maƙalewa a mazurari, ka ɗauka ya shiga duka ashe saura na rataye, ya faɗa kwanso na gaba, wannan ya samu kaɗan wancan ya samu fiye da ƙima. In shi za ka yi amfani da shi to kowane awo a kan balans, wato sikeli, kuma ka ɗan ƙwanƙwasa mazurarin. Masu gajeren tsinke irin H322, Benchmark da N133 sun haɗa alherin biyu, shi ya sa na fi karkata gare su.

Yanzu zafi, wanda ga ɗan Sahel shi ne babban magana kuma teburan ba don mu aka rubuta su ba. Ana gwajin kartush a wajen digiri 21. Yamai a watan Afrilu da Mayu ana wuce 40 a inuwa, Tawa haka, kartush ɗin da aka bari a mota a rufe ko a kan tebur cikin rana kuwa sai ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi a hannu. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, matsi na hawa. Awon da ya yi lafiya lau da sanyin Janairu yana iya wuce iyaka a bazara. Na gani a kaina, wani awon da na gwada da sanyi ba matsala, ranar wani zafi na bar akwatin a rana wajen awa ɗaya, harbi na biyu kulas, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu, ya ƙi ɗaguwa sai da na sa ƙarfi, da na duba gindin kwanson amos ya baje. Na tattara na koma gida na warware sauran duka. Tun ranar nake cewa duk wanda zai harba a ƙasa mai zafi ya zaɓi albarushin da aka yi shi don jure canjin yanayi, kamar dangin Extreme na Hodgdon da ake yi a Ostireliya, cikinsu akwai H4198, H322, Benchmark, H4895 da Varget. Masu ƙwallaye na tsohon ƙira galibi sun fi jin zafi. Amma ko mai jurewar ba ya nufin ba ya motsi sam, don haka gwajinka ka yi shi a lokacin da ya fi zafi cikin lokutan da za ka yi harbi, ka tsaya nesa da awon ƙarshe, kartush kuma a inuwa. Kar ka bar kartush ya daɗe a cikin bututun da ya yi zafi kana ta saiti, yana dahuwa ne a ciki.

Idan ka tace ya rage biyu, sayi ƙaramin gwangwani na ɗaya tukuna. Ka rubuta lambar zubin da ke jikinsa, wato lambar rukunin da kamfani ya haɗa shi tare, a kaye.

Mataki na gaba shi ne hawa tsani. Tebur a share, gwangwani ɗaya tak a kai, tabarau na kariya a ido, ba taba sigari, ba gawayin shayi kusa, waya a ajiye, yara a waje. Balans ka gwada ta da ma'aunin da aka san nauyinsa kafin ka fara, ka kashe fanka don iska na motsa ta, ka kuma tabbatar a giren take ba giram ba, wannan kuskuren yana faruwa ga masu balans ta lantarki. Lokacin hunturu da iska ta bushe albarushi na manne wa roba, sai a kula. Ka fara daga awon farawa na tebur, ka cika biyar. Ka ƙara ɗan kaɗan ka cika biyar, a ƙananan kwanso irin waɗannan taki ƙanana ake yi, kashi biyu ko uku cikin goma na giren, a Hornet ma ƙasa da haka don cikinsa kaɗan ne kuma tagullarsa siririya. Kar ka sauka ƙasa da awon farawa da sunan taka-tsantsan, wasu albarushin irin H110 ba sa son a rage su, suna iya ƙin kamawa da kyau su bar ƙwaya a bututu. Kafin ka ɗora ƙwaya ka haska tocila cikin kwansunan duka a jere, tsayin albarushin ya zama ɗaya a ido. Tsayin kartush kuma ka bi na tebur, ka auna, don in ƙwaya ta nutse da yawa ko ta je ta dafe layukan bututu matsi na ƙaruwa. Komai ɗaya ake riƙewa, kwanso iri ɗaya, amos iri ɗaya, albarushin kawai ke canzawa. Kowane rukuni ka rubuta masa takarda a jiki.

A filin harbi ka tafi da sassafe kafin iska ta tashi, ƙwaya mara nauyi iska na ɗaukarta sosai, in ka gwada cikin iskar hunturu ba za ka san laifin albarushi ne ko na iska ba. Amma ka tuna maganar zafi, wanda ka zaɓa da safe sai ka sake tabbatar da shi da rana, daga ƙasa. Bindiga a kan buhun yashi, allo a mita 100, bayansa tudun ƙasa da zai tare ƙwaya, don ƙaramar ƙwayar nan tana tafiyar kilomita. Ka fara da mafi ƙarancin awo. Bayan kowane harbi ɗauki kwanson ka duba: amos ya baje har gefensa ya cike ramin? ya yi ɗan tudu kewaye da inda allura ta buga, ko ya huje? akwai tabo mai sheƙi a gindin kwanso? kulas ya yi tauri wajen buɗewa? baƙin hayaƙi ya zagaye amos? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa, ka tsaya, sauran da ke sama da shi a warware su a gida. Sai dai kar ka dogara da alamun nan kaɗai, sau da yawa ba sa fitowa sai an riga an wuce iyaka. Kronograf, na'urar auna gudu, ta fi su gaskiya. In gudunka ya kai na awon ƙarshe a tebur alhali bututunka bai fi nasu tsawo ba, to ka kai matsin ƙarshe ko da awonka bai kai ba, gudu ba ya zuwa kyauta. Don ka samu abin kwatance, kartush ɗin kanti na .222 mai giren 50 yana fita wajen mita 950 a daƙiƙa, Hornet mai giren 45 wajen 820, .22-250 mai giren 55 ya haura 1100.

In ka ja kunama ka ji ƙara ba kamar kullum ba, ko bugun ya yi laushi, kar ka sa wani. Cire kulas ka leƙa bututun ta baya. In kuma ka ja bai tashi ba, bar bakin bindiga na kallon allo, ka ƙirga talatin kafin ka buɗe.

Wanda za ka zaɓa a ƙarshe shi ne awon da ƙwayoyi biyar suka taru wuri ɗaya, kuma na ƙasa da shi da na sama da shi su ma ba su watse ba. Rukuni ɗaya da ya yi kyau tsakanin biyu marasa kyau sa'a ce kawai, in ka sake ba lalle ya maimaita ba. Ka koma wata rana ka cika goma na wannan awon ka sake gwadawa. In albarushin farko ya ƙi ba ka abin da kake so bayan ka bi tsanin duka, sai a je ga na biyu, daga awon farawarsa shi ma. Haka in gwangwani ya ƙare ka sayi sabo mai wata lambar zubi, ko ka canza amos, ko kamfanin kwanso, ko ƙwaya ko da nauyinsu ɗaya, a sauko a sake hawa. Mutane na jin ƙyuyar wannan, ni kuwa ban taɓa ganin dattijon da ya daɗe a sana'ar da yatsunsa goma ba wanda ke tsallake shi.

Ajiya kuma a ƙasarmu sai an yi da gaske. Albarushi a gwangwaninsa na asali da takardarsa, a rufe, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba ɗakin kwano da rana ke gasawa ba, ba kusa da kicin ko batirin sola ba, ba a cikin akwatin ƙarfe mai rufewa gam ba, don in wuta ta kama a wuri matsattse shi ne yake zama fashewa. Wuri mai makulli da yara ba sa kai wa, amos kuma a wani wurin daban. Zafi na tsufar da albarushi, lokaci-lokaci ka buɗe ka shinshina daga nesa, ƙamshin sinadari kaɗan ba komai, amma in ka ji wari mai yaji kamar asid ko ka ga jan ƙura kamar tsatsa to ya lalace, a fitar da shi daga gida a nemi masu izini su lalata shi. Wanda takardarsa ta ɓace ko aka ba ka a leda ko kwalbar ruwa, ko da an ce maka sunansa, ba a amfani da shi, ido ba ya bambanta albarushi. Kana gama aiki ka maida ragowar cikin gwangwanin da ya fito nan take, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda dalma.

Shi ƙanen nawa daga ƙarshe N133 ya tsayar da ƙwaya giren 52, don shi ne ke samuwa a kantin da ke kusa da shi kuma yana cikin teburin kamfanin na .222. Nace masa in ya koma ya nemi dattijo ɗaya a kulob ɗinsu ya zauna gefensa a cikawa hamsin na farko, ya kuma turo min hoton gindin kwansunan kafin ya hau taki na gaba.